Lambar da Ke Faɗin Shekarun Inji

A shekarar 1906 wasu tagwaye, John da Miles O'Brien, suka buɗe masana'anta a garin South Bend na jihar Indiana a Amurka. Abin da suke ƙerawa shi ne injin sassaƙa ƙarfe, wanda yake damƙe ƙarfe ya riƙa juya shi, wuƙa kuma tana fere shi har ya zama noti ko sandar gatarin mota. Tagwayen sun daɗe da barin duniya, amma injinansu da dama suna nan suna aiki. Sai dai duk wanda ya sayi tsoho yakan tsaya da tambaya guda: yaushe aka ƙera shi?

Fenti ba ya ba da amsa, domin ana sake shi. Farantin da ke ɗauke da sunan kamfani yakan ɓalle ya ɓace. Amsar tana jikin gadon injin, wato doguwar gangar ƙarfen da komai ke zaune a kanta. A ƙarshenta na hannun dama, tsakanin layukan da ake zamewa a kansu, kamfanin ya buga lamba da guduma. Sau da yawa sai an goge baƙin mai da tsatsa kafin ta fito.

Kafin 1947 lambobi ne zalla, a jere, ko da wane irin girma injin yake da shi. Daga 1947 aka sake tsari, aka haɗa da haruffa. Harafin farko yana nuna girma: N na mai inci 9, R na mai inci 10, T na mai inci 13, H na mai inci 16. Sauran haruffan suna bayanin irin giya da faɗin ramin sandar da ke juyawa. Don haka ganin harafi kaɗai ya isa ya shaida maka cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka yi injin. Kamfanin kuma ya riƙa ajiye kati ga kowane inji, mai ɗauke da ranar da aka fitar da shi da sunan wanda aka aika wa.

Amma a yi hattara. Mai inci 9 ya yi farin jini har aka kwaikwaye shi: Boxford a Ingila, Hercus a Ostareliya. Kama da wane ba ta wane ba ce. Kowannensu da tsarin lambarsa. Sannan lambar shekarun gado kawai take faɗa. Injin da ya shekara 70 yana sauya hannu, ba mamaki kansa na wani ne, giyarsa ta wani.

Wanda ya san wannan ba zai yi odar kayan gyaran da ba za su shiga ba, dillali kuma ba zai sayar masa da tsoho a kuɗin sabo ba. Kafin a yi ciniki, a nemi tsumma da kananzir a goge ƙarshen gado.