Daga Ƙahon Wanzami zuwa Gwajin Jini: Yadda Ake Neman Maganin Ciwon Gaɓoɓi a Gamawa da Ƙasar Katagum

A watan Janairun 1824, Sarkin Katagum Ɗankauwa ya yi baƙi biyu Turawan Birtaniya waɗanda suka biyo ayari daga Kukawa ta Barno: Kyaftin Hugh Clapperton da Dokta Walter Oudney. Oudney likita ne da ya yi karatu a Edinbara, amma ya iso Katagum jiki ya ƙi, tari ya cinye shi. Duk da ilminsa na likita, sai ya sa aka kira masa mai ƙaho. Clapperton ya rubuta yadda mutumin ya tsattsaga gefen ƙirjin likitan da aska, ya kafa ƙaho mai huda, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe hudar da babban yatsa, har ya yaba da gwanintar aikin. Ƙahon bai tare ajali ba. Oudney ya rasu ranar 12 ga Janairu a Murmur, a kan hanyarsu ta zuwa Kano.

Irin wannan ƙahon ne mutumin Gamawa, ko Udubo, ko Gololo zai samu a wancan zamani idan gwiwa ta kumbura ko ƙugu ya riƙe. Shekara 200 bayan haka, masu ba shi shawara sun ƙaru ƙwarai, kuma babu ko ɗaya daga na dā da ya ajiye aiki. Kowane zamani ya kawo nasa ya ɗora a kan na baya. Abin da ya saura yadda yake shi ne jerin gwanon: a fara da neman sauƙi, sunan cutar kuma ya zo a ƙarshe, in ma ya zo.

Shawarar farko daga cikin gida take fitowa, don an ce da tsohuwar zuma ake magani. Kaka za ta taɓa gwiwar ta ce, "Ɗan nan, sanyi ne ya kama ka." A fahimtar likitancin Hausa, sanyi yana shiga jiki ta dukan ruwan damina, da tsayuwa cikin fadama, da kwanan ƙasa, da wankan asuba a hunturu, sannan ya samu gaɓa ko ƙashi ya kwanta. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi ya kuma fitar da littafi kan likitancin Hausa a 1988, ya nuna irin girman matsayin sanyi a bayanin da mutane ke yi wa cututtuka. Tunda sanyi ne, maganinsa zafi: gashi da ruwan ɗumi, kwanciya kusa da wuta, shafa man shanu ko man kaɗanya, kunun kanwa, yajin citta da kanumfari da masoro.

Idan gida ya gaza, sai a fita. Wanzami zai kafa ƙaho ya janye abin da ake kira mataccen jini, ko ya yi tsaga a kan kumburin ya cusa garin magani. Inda aka ga alamar ruwa ya taru, akan yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Mai maganin gargajiya zai ba da sassaƙen hano a jiƙa, ko saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, ko kitsen mesa na shafawa. Maɗori shi ne na targaɗe da gocewar ƙashi, sana'ar da ake gada a gida, kuma har yau mutane da yawa sun fi sakin jiki da shi a kan filastan asibiti.

Sai malam. Masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ta gaji al'adar karatu wadda magani yake cikinta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce da Larabci kan magani, har da wanda ya keɓe wa basur. Daga wannan jijiya ake samun rubutun sha, da tofi, da habbatus sauda, da zuma. Idan kuma ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, yau yana gwiwa gobe yana kafaɗa, sai zance ya koma kan sammu, ko jifa, ko taka abin da aka binne a hanya, ko iska. Murray Last, wanda shi ma ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya lura a wani rubutu na 1981 cewa majinyata da yawa ba su damu da sanin haƙiƙanin musabbabi ba, suna dai zagayawa daga wannan mai magani zuwa wancan har a dace.

A ƙarƙashin wannan sanyi guda ɗaya kuwa, cututtuka ne barkatai. Akwai kurkunu, wadda takan fito kusa da idon sawu ko gwiwa, ta kwantar da manomi ana tsakiyar aikin gona, wani lokaci ta bar gaɓar a sandare. Ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu masu ita sama da 650,000 a Najeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Akwai amosanin jini, wato sikila, wadda ke sa yaro kururuwa da ciwon ƙashi musamman lokacin sanyi, ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita kowace shekara a ƙasar nan. Akwai ciwon gaɓoɓin yara da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro, wanda ke lafawa a gwiwa ya koma ya lalata zuciya. Akwai tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya fitar da doro.

Wata cutar kuma ta shafi Gamawa kai tsaye, kasancewarta ƙasar kiwo da cinikin dabbobi. Makiyaya sun san bakkale, cutar da ke sa saniya ɓari ta kuma kumbura mata gwiwa. Ƙwayar cutar tana shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta hannun wanda ya taimaki dabba wajen haihuwa, ko mahauci. Takan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon ƙugu da gwiwa. Sau da yawa akan yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot ba sauƙi, alhali maganinta haɗin magungunan kashe ƙwayar cuta ne na kimanin mako shida.

Turawa sun ci Katagum a 1903, kuma a 1916 aka mayar da fadar masarautar Azare. Sannu a hankali En'e ta buɗe disfensare a manyan garuruwan gundumomi, aka samu sabon mai ba da shawara: malamin asibiti da farar rigarsa. Abin da ke hannunsa na ciwon gaɓa bai wuce asfirin da man zafi ba. Asfirin, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1899, yana kwantar da raɗaɗi cikin sa'a guda, abin da jiƙo bai cika yi ba. Da allurar fenisilin ta zo ta warkar da gyambo da ciwon sanyi na mara cikin kwanaki, sai mutane suka ba allura gaskiya fiye da kima, har mai ciwon gwiwa ya riƙa ganin ba a duba shi ba in ba a soka masa ita ba. Mai babbar matsalar ƙashi kuwa sai Kano, inda aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a 1959.

Likitocin zamanin ma ba su tsammaci samun wasu cututtukan gaɓoɓi a nan ba. A ƙarshen shekarun 1960, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya duba bayanan majinyata a asibitin koyarwa na Ibadan ya ga amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓi bai yawaita ba kamar a Turai. An daɗe ana koyar da ɗaliban likita a kan haka. Sai daga baya ƙwararru irin su Farfesa Olufemi Adelowo na Legas suka tara ɗaruruwan majinyata suka nuna cutar tana nan, rashin masu gane ta ne ya ɓoye ta.

Wanda ya fi kowa canja lamarin shi ne mai kemis. Yana kusa, ba layi, ba kati, yana kuma ba da bashi. Tsoho zai tsaya a bakin kanta ya ce, "Yaro, ba ni na ciwon jiki mai ƙarfi." Sai a ƙulla masa haɗi a leda: diklofenak, ibuprofen ko firoksikam, sau da yawa tare da deksametason ko firednisolon. Waɗannan biyun na ƙarshe dangin kotison ne, maganin da Philip Hench ya fara gwadawa a asibitin Mayo na Amurka a 1948 a kan wata mai amosanin gaɓɓai, ta miƙe cikin kwanaki, ya samu kyautar Nobel a 1950. Ba a jima ba likitoci suka ga kuɗin da jiki ke biya idan aka daɗe ana sha: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, da ƙashi mai saurin karyewa. Su kuma masu kashe raɗaɗin suna huda ciki suna gajiyar da ƙoda. Wannan abin lura ne a yankin da ke maƙwabtaka da Gashuwa da Haɗejiya, inda ciwon ƙoda ya yi ƙamari har ake ta binciken musabbabinsa. A ranar kasuwa kuma ga mai lasifika a kan mota, da kwalba ɗaya mai maganin sanyi da basur da taifot gaba ɗaya, ga kuma saƙonnin murya na WhatsApp da suka shigo layi.

Ta ɓangaren asibiti an samu ci gaba na gaske. Gamawa tana da babban asibiti. Wajen shekarar 2000 gwamnatin tarayya ta karɓi babban asibitin Azare ta mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a garin. Yau ana iya ɗaukar hoton ƙashi, a gwada jini don gano sikila, a auna sinadarin yurik da ke taruwa ya kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare, a nemi alamomin kumburi a jini, a zuƙo ruwan gwiwa a duba. Ƙwararrun likitocin gaɓoɓi dai 'yan gomomi ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma mafi kusa da mutumin Gamawa suna asibitocin koyarwa irin na Kano da Maiduguri da Zariya.

Bambancin jiya da yau shi ne, a zamanin Ɗankauwa jinkirin gano cuta bai hana mutum komai ba, tunda ko an gano ta babu maganinta. Yanzu akwai. Zaizayewar gwiwa ta tsufa da aikin ƙarfi tana ƙaruwa da motsi ta lafa da hutu, kuma rage ƙiba da motsa jiki na taimaka mata. Amosanin garkuwar jiki kuwa ya fi kama mata, yakan riƙe ƙananan gaɓoɓin hannu biyu a tare, mutum ya tashi da safe yatsu a sandare har sama da rabin sa'a. Magunguna irin su metotireksat suna iya tsayar da shi idan aka fara a watannin farko, amma yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa da ƙwaya.

Saboda haka, duk wanda gaɓarsa ta kumbura ta wuce mako shida, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama, ya je asibiti a duba jininsa, ya tafi da ledar duk magungunan da ya sha, na kemis da na gargajiya, ya nuna wa likita. Gaɓa ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, musamman a jikin yaro, wannan ba ta kwana a gida: a kai shi asibiti a ranar.