Tsakin Shinkafa da Hayaƙin Gawayi: Yadda Sinawa Suka Shiga Tukunyar Saigon

Da sanyin safiya a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, wanda mazaunansa har yau suka fi kiransa da tsohon sunansa, Saigon, abin da ke fara tarar mai wucewa a lunguna shi ne hayaƙin gawayi. Masu abincin sayarwa sun fito da murhu bakin titi, sun jera yankan nama a kan waya, suna fifita wuta. Abincin da suke haɗawa sunansa com tam, wato dafaffen tsakin shinkafa, kuma abokin tafiyarsa gasasshen naman gadon bayan alade ne, mai ƙashi a gefe, wanda ya kwana cikin ruwan tsumi. Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi, da ni kaina, naman nan haramun ne, kuma ba zancen cinsa ya kawo ni ba. Ruwan tsumin ne ya ja hankalina, domin duk wanda ya bi kayan haɗinsa ɗaya bayan ɗaya zai tarar da tarihin mutanen da aka karɓa baƙunci, suka yi arziki, aka kashe su, daga baya kuma aka kore su, alhali girkinsu yana nan zaune daram.

A cikin kwanon tsumin akwai ruwan kifin da ake kira nuoc mam, da sukari ko zuma, da tafarnuwa, da ƙananan albasa, da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da wasunmu ke jefawa a shayi. Waɗannan na gida ne. Sai kuma baƙin ruwan waken suya, da ruwan kawa mai kauri, da garin ƙamshi biyar, wanda ya ƙunshi kanumfari da girfa da wasu 'ya'yan itatuwa uku. Waɗannan kuwa daga Sin suka zo. Masu koyar da girki a intanet kan gabatar da haɗuwar ɓangarorin biyu tamkar wata sabuwar dabara, amma a kudancin Biyetnam auren ya haura shekara ɗari uku.

Wanda ya san ɗan tarihin yankin zai yi zaton bayanin a fili yake, tunda Sin ta mallaki arewacin Biyetnam tun daga shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa 938, lokacin da Ngo Quyen ya karya rundunar jiragen ruwanta a kogin Bach Dang. Mulkin shekara dubu ya bar rubutu, da tsarin sarauta, da tsinkayen cin abinci. Abin mamaki, bai iya raba mutanen da ruwan kifinsu ba. Su kansu Sinawan dā da nama da kifi suka fara yin tsumin miya, kafin waken suya ya karɓe fagen. An samu tsumammen wake a wani kabarin zamanin daular Han a Mawangdui, na ƙarni na 2 kafin Miladiyya, kuma littafin noma na Jia Sixie, na ƙarni na 6, ya yi bayanin yadda ake sarrafa shi. Mutanen Biyetnam kuwa, da doguwar gaɓar tekunsu, suka riƙe kifi. Har gobe a tsibirin Phu Quoc da garin Phan Thiet ana zuba ƙananan kifaye kashi uku da gishiri kashi ɗaya cikin manyan gangunan katako, a bar su wajen shekara guda, sannan a tsiyaye ruwan. Bahaushen da zai yatsine fuska ya tuna da daddawa. Aikin ɗaya ne: ƙwayar kalwa ko tsokar kifi ta narke ta saki sinadarin da ke ba miya armashi, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908, wanda kuma yau muke saye a ƙulle da sunan farin magi.

Hanyar da ɗanɗanon Sin ya bi ya shiga wannan gashi ta kudu ce, kuma ta fara ne da faɗuwar wata daula. A 1644 Manchu suka kama Beijing, daular Ming ta rushe, sai dai wasu mayaƙanta sun ƙi miƙa wuya. A 1679 biyu daga cikin kwamandojinsu, waɗanda tarihin Biyetnam ke kira Duong Ngan Dich da Tran Thuong Xuyen, suka iso gaɓar ƙasar da mutum kusan 3,000 a jiragen ruwa kimanin 50, suna neman mafaka. Sarkin gidan Nguyen da ke mulkin yankin ya ga baƙi masu makamai, bai so su zauna kusa da fadarsa ba, bai kuma so ya kore su ba. Sai ya tura su can kudu, My Tho da Bien Hoa, ƙasar da a lokacin sarakunan Kambodiya ke ɗauka tasu ce. Da jifa ɗaya ya rabu da haɗari, ya kuma samu masu share masa sabuwar ƙasa.

Baƙin suka auri matan wurin, suka kafa kasuwanni. Tashar da suka gina kusa da Bien Hoa ta bunƙasa har kusan shekara ɗari, kafin tawayen 'yan'uwan Tay Son, wanda ya ɓarke a 1771, ya rusa ta. Waɗanda suka tsira suka gangara wajen 1778 zuwa wani wuri kusa da Saigon, wanda daga baya aka sani da Cholon, ma'ana Babbar Kasuwa. Ko a can ba su huta ba, domin a 1782 mayaƙan Tay Son sun karkashe dubbansu. Duk da haka garin ya sake tashi, kuma a ƙarni na 19 sababbin baƙi suka riƙa kwararowa daga lardunan Guangdong da Fujian da tsibirin Hainan. Shaidar abin da suka kawo tana cikin harshe. Kalmar da mutanen Biyetnam ke kiran ruwan waken suya da ita, xi dau, daga bakin mutanen Canton aka are ta, haka ma xa xiu, sunan jan gasasshen nama mai zaƙi. Kamar dai yadda kalmar albasa ke tona mana asirin hanyar da ta bi ta zo mana daga Larabawa.

Tsakin shinkafar kuwa zamanin Turawa ne ya haife shi da yawa. Faransawa sun kama Saigon a 1859, zuwa 1867 sun haɗiye kudancin ƙasar baki ɗaya. Suka sa aka haƙa magudanan ruwa a fadamar kogin Mekong, gonaki suka yaɗu, har ya zamana a shekarun 1920 da 1930 ana fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya a shekara. Turawa ke riƙe da mulki, amma sayen shanshera daga ƙauyuka, da jigilarta a kwale-kwale, da yawancin injinan casa na Cholon, duk a hannun Sinawa suke. Inji kuwa ba ya casa ba tare da ya karya wani kaso ba. Lafiyayyar ƙwaya ta tafi kasuwar duniya, tsakin ya rage wa 'yan dako da leburorin tasha, domin shi ne mai araha. Sukan ci shi da ɗan ruwan kifi da man albasa, kuma ko ruwan kifin bai tsira daga hannun gwamnati ba, tunda Gwamna Janar Paul Doumer, wanda ya yi mulki daga 1897 zuwa 1902, ya mayar da cinikin gishiri da giya da ofiyom haƙƙin hukuma ita kaɗai.

Wani kaso na tsakin ya yi doguwar tafiya. A Senegal Faransawa sun matsa wa manoma su koma noman gyada, amfanin gonar da ya bunƙasa a ƙasar Kano bayan isowar jirgin ƙasa, sai suka cike giɓin abinci da tsakin shinkafar da suke kwasowa daga Indochina. Mutanen Senegal suka saba da shi har suka fifita shi a kan doguwar ƙwaya, kuma da shi ake dafa shinkafa da kifin nan tasu, cebu jen, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021. Ragowar inji guda, ke nan, ya zama abin alfaharin birane biyu da teku biyu suka raba.

A hankali, da kuɗi suka fara zagayawa a Saigon, farantin lebura ya samu ƙari. Yankan naman da kansa sunan Faransanci yake ɗauke da shi, cot let, haka ma soyayyen ƙwan da ake ɗorawa a sama, op la. Kuma saɓanin yawancin abincin ƙasar, com tam a faranti ake zuba shi, a ci da cokali da cokali mai yatsu.

Wanda bai san abin da ya biyo baya ba zai ɗauka labarin zaman lafiya ne. Bayan faɗuwar Saigon ranar 30 ga Afrilu, 1975, sabuwar gwamnatin gurguzu ta dubi attajiran Cholon a matsayin 'yan jari-hujja, kuma da dangantaka ta yi tsami tsakaninta da Beijing, sai ta fara kallon duk mai jinin Sin da idon zargi. A watan Maris na 1978 aka haramta manyan kasuwancin masu zaman kansu a kudu, jami'ai suka shiga shaguna suna ƙirga kaya suna rufewa. Tsakanin 1978 da 1979 mutum kusan 250,000 suka tsallaka iyaka zuwa Sin, a Fabrairun 1979 kuma ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi. Daga kudu, ɗimbin jama'a suka faɗa teku a ruɓaɓɓun jirage, da yawansu bayan sun biya zinari kafin a bar su su fita, kuma wani adadi mai yawa bai kai gaci ba. A ganina wannan shi ne ɓangaren da littattafan girki suka fi tsallakewa, alhali shi ne dalilin da ya sa abincin ya isa Kalifoniya da Paris da Sydney. Ɗaya daga cikin 'yan gudun hijirar, David Tran, ya kafa kamfanin yajin Huy Fong a Los Angeles a 1980, ya raɗa masa sunan jirgin da ya fitar da shi.

A gidajen waɗannan baƙi, inda babu murhun bakin titi, gashin ya koma kaskon suya da tanda, ya zama girkin daren aiki. Dabararsa ba ta da wuya. Ana yanka naman da kaurin da bai wuce yatsa ba, a bubbuga shi da bayan wuƙa, a bar shi ya kwana a tsumi. Gishirin ruwan kifi da na waken suya shi ke ratsa tsoka, sukari kuma ya tsaya a sama ya ba da launin ja mai duhu idan ya ji wuta. Na gwada da haƙarƙarin rago, na bar giyar shinkafar da wasu Sinawa ke zubawa, kuma na yi kuskuren da duk wanda ya tashi da ganin masu balangu zai yi: na hura garwashi ya yi jajir. Kafin cikin ya nuna, bayan ya zama gawayi. Tsumin da ke da sukari wuta mai sanyi yake so, da yawan juyawa.

Ba ni na fara wannan musanya ba. Musulmin Cham da ke zaune a gefen Chau Doc, kusa da iyakar Kambodiya, sun daɗe suna sarrafa naman shanu da kayan haɗin maƙwabtansu, kuma a kewayen babban masallacin titin Dong Du, wanda Musulmin Indiya suka gina a tsakiyar Saigon a 1935, akwai gidajen abincin halal. Cholon ma tana nan, kasuwanninta sun sake cika bayan gyaran tattalin arzikin 1986, ko da yake da yawa daga jikokin waɗanda suka gina ta suna wasu ƙasashe. A 2023, da kundin Michelin ya fara tantance gidajen abincin Biyetnam, cikin waɗanda ya yaba wa akwai wani shagon com tam mai suna Ba Ghien, inda yankan naman kan rufe shinkafar da ke ƙarƙashinsa.