Daga Zango Zuwa Teburin Mai Shayi: Tarihin Cin Abinci a Waje a Fagge da Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Kano sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci, amma ba safai suke tsayawa su tambayi inda fatake da 'yan ƙwadago suke cin abinci ba, alhali kuwa Bahaushe ya ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. A wannan takarda za mu bi diddigin al'adar cin abinci a waje, watau mutum ya zauna a wani wuri wanda ba gidansa ba, a zuba masa abinci ya biya. Mun zaɓi Fagge da Sabon Gari domin su ne unguwannin baƙi mafi shahara a wajen ganuwar Kano. Abin da muke son nunawa shi ne wannan al'ada ba Turawa suka ƙago ta ba. Abin da zamaninsu ya yi shi ne ya mai da baƙo mai ciniki, ya sa kuɗi a gurbin da karamci yake a da.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Bisa ga ruwayar da ta fi shahara, Fagge ta samu ne tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda ake danganta kafa Kasuwar Kurmi da shi. Fili ne a bakin gari inda ayarin raƙuma na Buzaye da sauran fataken hamada suke yada zango. A tsarin fatauci na wancan lokaci, baƙo yakan sauka ne wurin fatoma ko maimasauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, kuma abincinsa ya fito daga cikin gida. Ba a yanka wa tuwon farashi ba, domin ladan maigida yana cikin la'adar da zai samu in ciniki ya faɗa.

Wannan bai hana sayar da dafaffen abinci ba. Akwai masu tsire da balangu, da masu fura da nono, da 'yan tuwo-tuwo a bakin kasuwa. Akwai kuma babbar hanya ta biyu, watau talla: matan aure da suke cikin kulle su dafa waina ko ƙosai ko ɗanwake, yara su ɗauka su zaga unguwa. Polly Hill ta yi bayanin wannan ɓoyayyen ciniki na matan Hausawa tun 1969, Enid Schildkrout kuma ta nazarci rawar da yara suke takawa a cikinsa a Kano cikin shekarun 1970. Sai dai ya kamata mu lura da bambanci guda. Abincin talla shi yake zuwa inda mutum yake, a ci shi a zaure ko a rumfa. Magidanci ya tashi takanas ya je ya zauna gaban mai tuwo, wannan abin kunya ne a cikin birni, domin yana nuna ko dai ba shi da iyali, ko kuwa gidan nasa ba lafiya. Abin da aka sani ga mai mutunci shi ne ciyayya, inda maƙwabta suke fito da akushinsu ƙofar gida su ci tare.

3.0 Jirgin Ƙasa da Kafuwar Sabon Gari

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Wannan ya jawo mutane iri biyu. Na farko su ne akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, waɗanda aka keɓe wa Sabon Gari wajen 1913. Na biyu su ne leburori da 'yan dako da 'yan cirani daga ƙauyukan Arewa, waɗanda da yawansu suka sami mafaka a Fagge, kusa da tasha da kantunan kamfanoni da na Kwarori.

Waɗannan mutane sun haɗu a kan abubuwa uku. Yawancinsu maza ne da suka baro iyali a gida. Ba su da wani fatoma da zai ɗauki nauyin cikinsu, domin ba su zo da hajar da za a ci la'ada a kanta ba, ƙarfinsu ko iliminsu suka zo sayarwa. Sa'an nan kuma ana biyansu da tsabar kuɗi, anini da kwabo da sisi da sule, waɗanda suka maye gurbin wuri. Inda duk aka tara gwagware masu kuɗi a aljihu da ƙayyadadden lokacin aiki, to, tilas a sami mai dafa musu. Daga nan ne rumfar mai abinci ta sami benci da tebur da kwanuka, ta zama wurin zama.

4.0 Unguwanni Biyu, Tukwane Biyu

Ko da yake hanya ce kawai ta raba su, abincin unguwannin nan biyu ya bambanta, kuma dokar mulkin mallaka tana da hannu a ciki. Sabon Gari tana ƙarƙashin jami'in Bature ne har zuwa 1940, lokacin da aka mai da ita hannun En'e. An hana sayar wa 'yan ƙasar Arewa barasar Turawa, amma a Sabon Gari akan ba da lasin. Saboda haka hotal a can ya haɗa abinci da abin sha da kiɗa, har kalmar ta ɗauki wata ma'ana maras kyau a kunnen Bakano. Matan Yarabawa da na Ibo, waɗanda ba su cikin kulle, su suka riƙe bukkokin abinci a fili, suna sayar da sakwara da amala da teba da miyar agushi da farfesu.

A Fagge kuwa tukunyar ta Arewa ce: tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu, koko da ƙosai, da gurasa wadda ake danganta asalinta da Larabawan Arewacin Afirka mazauna Kano. Masu sayarwa a fili galibi zawarawa ne da tsofaffi da mata masu zaman kansu, da kuma 'yan daudu. Wannan ya sa jama'a suka ɗora wa sana'ar wani tabo wanda har yau bai gama gogewa ba, alhali kuwa ita ta ciyar da hannuwan da suka gina dalar gyaɗa.

Da tafiya ta yi nisa sai tukwanen suka soma aron juna. Bahaushe ya koyi cin teba da sakwara, mutumin Kudu ya saba da tsire har ya tafi da shi garinsu da sunan suya. Gidajen silima, irin su Rex da aka buɗe a 1937 da Plaza ta Fagge, sun ƙara raya cinikin dare, domin mai fitowa daga kallo yakan nemi abin taɓawa.

5.0 Mai Shayi

A ganinmu babu wanda ya sauya al'adar nan kamar mai shayi. Jarinsa kaɗan ne: tebur da benci da tukunyar ruwan zafi da burodi da madarar gwangwani da ƙwai. Namiji ne, ba ya sayar da barasa, don haka zama wurinsa bai zama abin zargi ba. Ta wannan ƙofa ce malami da ɗan kasuwa da magidanci suka shiga cin abinci a waje ba tare da jin kunya ba. Teburin ya zama majalisa, inda ake sauraron rediyo ana muhawara a kan NEPU da NPC, daga baya kuma PRP da NPN. Abin da ke kan teburin ma yana bin yanayin tattalin arziki. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 da hana shigo da alkama a 1987 sun sa burodi ya yi tsada, sa'an nan taliyar Indomie, wadda aka fara yi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta zo ta zauna daram a gefen kaskon ƙwai.

6.0 Rikici da Komowa

Ba za mu ɓoye cewa iyakar Fagge da Sabon Gari ta sha zama fagen fama ba: a watan Mayu na 1953, da 1966, da kuma watan Oktoba na 1991. Rikicin 1966 ya sa Ibo da yawa suka bar gari, ba su komo ba sai bayan ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000 da kafa Hukumar Hisba a 2003 sun ƙara matsa wa wuraren da suke haɗa abinci da barasa. Duk da haka, ciniki yakan komo, domin kowane ɓangare yana bukatar ɗan'uwansa. Mai buka a Sabon Gari wurin mahauci Bahaushe take sayen nama, wurin ɗan gwari take sayen tumatir da attaruhu da albasa, manjan da mai abincin Fagge take zubawa kuwa daga Kudu yake zuwa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa cin abinci a waje a Kano yana da saiwa uku: zangon fatake, da tallar matan kulle, da zaman baƙunci na zamanin jirgin ƙasa. Mun kuma ga yadda abin da ya fara a matsayin larurar gwauro ya zama ɗabi'ar gari duka, har ga shi yau ma'aikaci da ɗalibi da ɗan kasuwar Kantin Kwari ba su ganin aibin yin kalaci a gidan abinci. Masu wannan sana'a ba su bar littafin lissafi ko wasiƙa ba, tarihinsu yana bakin tsofaffin masu tuwo da masu shayi, waɗanda kullum raguwa suke yi. Muna kira ga sassan tarihi da na Hausa a kwalejojinmu da su tura ɗalibai Fagge da Sabon Gari su ɗauko wannan bayani tun masu shi suna raye.