Ganganci da Kuskure: Tarihin Hukuncin Kisan Kai a Arewacin Nijeriya Daga 1904

A cikin wannan takarda za mu duba tambaya guda wadda ta daɗe tana bin duk wanda ya tsaya gaban alƙali bisa zargin kisa, ko makami ya ɗauka ko kuwa mota yake tuƙawa, watau ta yaya shari'a ke rarrabe ganganci da kuskure?

Tun 1904 Turawa suka kafa kundin laifuffuka irin nasu a Arewa, amma suka bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunci da mazhabar Malikiyya. Saboda haka makomar wanda ake tuhuma takan danganta da ƙofar da aka shigar da shi. A wajen Malikawa, wanda ya kai wa wani farmaki har ya mutu ya yi kisan ganganci, fushi ko tsokana ba su rage masa kome ba. Magadan mamaci ke da zaɓi, ko su nemi ƙisasi ko su yafe; in sun yafe, a yi wa mai laifi bulala 100 da ɗaurin shekara guda. A kundin Turawa kuwa tsokana mai tsanani tana sauko da laifin daga matsayin da ake kashe mutum a kansa, magada kuma ba su da ta cewa.

Wannan saɓani ya fito fili a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Kotun Sarki ta yanke masa hukuncin kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, domin a ƙarƙashin kundin Turawa tsokanar da aka yi masa ta hana a kashe shi. Lalle ne mu lura, alƙalan Gwandu ba su kauce wa littattafansu ba ko kaɗan; dokoki biyu ne aka ɗora wa ƙasa ɗaya. Gyare-gyaren da aka yi ta yi bayan haka ba su kashe rigimar ba.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kira kwamitin masana shari'a, wanda Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya shugabanta, da Farfesa Anderson na Landan a cikinsa. Bisa shawararsu aka tsara kundin Final Kod, aka kwaikwayo na Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe samun mulkin kai. Sashe na 221 ya tanadi kisa, na 222 kuma ya jera inda ba a kashewa, har da tsokana. Magada aka bar su da faɗin ra'ayinsu a rubuta, ba tare da ya ɗaure kotu ba.

A nan ne direba ya shigo. A fiƙihu, wanda ya kashe mutum bisa kuskure diyya ce a kansa, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, danginsa na wajen uba su haɗu su biya, shi kuma ya yi kaffara. Final Kod ya ɗauki wata hanya: wanda ya jawo mutuwa ta hanyar garaje ko sakaci, laifinsa kisan da ba a kashewa ne, hukuncinsa ɗauri ko tara. Tambayar da ake yi wa direba ta koma ko ya yi sakaci, alal misali gudu fiye da kima ko tuƙi da birki maras kyau. In ba a tabbatar da sakacin ba, sai a sallame shi.

A ganinmu nan kundin ya bar giɓi. Ya kyautata wa wanda ake tuhuma, tun da ya san laifinsa a rubuce, amma iyalin da mota ta kashe musu mai ciyarwa tarar ba aljihunsu take shiga ba. Diyya ba ta koma cikin rubutacciyar dokar laifuffuka ba sai a 2000, lokacin da Jihar Zamfara ta kafa nata kundin na Shari'a, wasu jihohi 11 suka bi sahu.