SHIN HAR WASA MA ANA YI MASA DIGIRI?

Wani mai sauraronmu, manomi mai taɓa cinikin hatsi, ya rubuto yana cewa ya ji wai a jami'o'in Amurka har digiri ake yi a kan lambunan shaƙatawa da wasanni da motsa jiki. Ya ce ko gaskiya ne, kuma ina abin ya samo asali?

To malam, gaskiya ne, shekara 4 cur ɗalibi yake yi. Sai dai wahala ce ta haifi wannan karatu.

Wajen 1880, biranen Amurka irin su Niyok da Boston sun cika maƙil da baƙi daga Turai masu aiki a masana'antu. Iyali guda a cunkushe cikin ɗaki ɗaya ko biyu, yara ba su da wurin wasa sai kan titi, tsakanin kekunan doki da shara. A 1885 wata ƙungiya a Boston ta sa aka juye tulin yashi a harabar wani ɗakin ibada don yaran talakawa su samu inda za su yi wasa, dabarar da aka gano a Balin ta Jamus. Yashi fa, jama'a, irin wanda yaranmu ke birgima a kai kyauta! Ba a daɗe ba aka ga yashi kaɗai bai isa ba, sai da babba mai sa ido, aka soma biyan mata albashi don wannan aiki. Nan sana'ar ta fara tsira. A 1906 aka kafa Ƙungiyar Filayen Wasa ta Amurka a Washinton, a 1926 kuma ta buɗe makarantar horar da masu wannan aiki a Niyok. Daga baya jami'o'i suka karɓi abin.

Motsa jiki kuwa hanyarsa daban. A wata makarantar horar da malaman wasanni da ke Springfield ne James Naismith ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a 1891, saboda sanyin hunturu ya kulle ɗalibai a ɗaki. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya kafa a sama, sunan ke nan ya bi wasan.

Sai daji. A 1872 gwamnatin Amurka ta keɓe Yellowstone, ta ce na al'umma ne, ba mai mallakarsa shi kaɗai. A 1916 ta kafa hukumar kula da irin waɗannan wurare, wadda ke buƙatar ma'aikacin da ya san itace da dabba, ya kuma iya da baƙi. Shi ya sa ɗalibin wannan fanni yake karanta yadda jikin mutum ke aiki, da taimakon gaggawa, da tsara fili, da lissafin kuɗin shiga.

A nan gida ma akwai irinsa, ko da yake a rarrabe yake. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, akwai kuma kwalejin koyon kula da namun daji a New Bussa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero ta Kano suna koyar da ilmin motsa jiki da lafiya.

Kai da ke wuni da fartanya, ai ba ka bukatar malamin motsa jiki, gona ta isar maka. Amma ƙanenka da ke zaune a shago daga safe har magariba, shi ne hawan jini da ciwon suga ke nema. Dandalin unguwa ma, a birane da yawa an yanka shi fuloti, yara sun koma titi kamar na Boston.

In ɗanka ya nuna sha'awa, kada ka ce shiririta ce. Amma kafin ka sayar da buhun gero ka biya kuɗin makaranta, tambaye shi reshen da zai bi, domin a ganina guraben aikin gandun daji kaɗan ne, na koyarwa a makarantu sun fi samuwa.