Gansakuka a Tafkin Erie: Tarihin Annobar da Ta Tafi Ta Dawo

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda gansakuka ta mamaye Tafkin Erie har sau biyu, domin mu nuna cewa maganin da ya ci a karon farko ya kasa a karo na biyu, saboda mafarin cutar ya sauya.

Tafkin Erie yana tsakanin Amurka da Kanada, kuma shi ne mafi ƙarancin zurfi cikin manyan tafkuna biyar na yankin, don haka ruwansa kan yi saurin ɗumi. A shekarun 1960 birane irin su Detroit suna malala masa ruwan ƙazanta mai ɗauke da sinadarin fosfaras, wanda kaso mai yawa nasa daga garin sabulun wanki yake. Gansakuka ta samu abinci, ta yi ta yaɗo. Idan ta mutu sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar nan kuwa ta cinye iskar da kifaye ke shaƙa.

A shekarar 1972 Shugaba Nixon da Firayim Minista Pierre Trudeau suka sa hannu kan yarjejeniyar tsabtace ruwan tafkunan. Amma gardama ba ta ƙare ba, domin masu masana'antar sabulu ba su yarda laifin fosfaras ne ba. A 1973 David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani ƙaramin tafki a Ontario gida biyu da labule. Duka ɓangarorin aka zuba musu kabon da naitirojin, ɗaya kaɗai aka ƙara wa fosfaras, kuma shi ne ya koma kore shar. Da aka gyara matatun ruwan ƙazanta, aka kuma rage fosfaras cikin sabulu, sai tafkin ya farfaɗo a shekarun 1980.

Daga tsakiyar shekarun 1990 gansakuka ta dawo. Wannan karon mafi yawan fosfaras daga gonakin masara da waken soya yake, inda ruwan sama ke wanke takin zamani da na dabbobi zuwa Kogin Maumee. A watan Agusta 2014 gubar gansakuka ta shiga ruwan famfon birnin Toledo, aka hana mutane fiye da 400,000 shan sa kusan kwana 3. A 2016 ƙasashen biyu suka amince su rage fosfaras da kashi 40 cikin 100.

A ƙarshe, abin da muka fahimta shi ne: bututun birni ana iya ƙirga shi, a auna abin da yake zubarwa, a kafa masa doka. Gonaki kuwa dubbai ne, kowace da mai ita, kuma abin da ke fita daga cikinsu ya danganta da ruwan sama na shekarar. Wannan ne ya sa aiki na biyu ya fi na farko wuya.