Waɗanda Cutar ALS Ta Ɗauke, da Gadon Alherin da Iyalansu Suka Bari



Akwai wata cuta da ba kasafai muke jin sunanta ba a nan Kende da kewayen Bagudo. Likitoci suna kiranta ALS. Tana kashe jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsokar jiki. Mutum yakan fara da tuntuɓe, ko abu ya riƙa suɓuce masa daga hannu, ko harshensa ya yi nauyi. A hankali tsoka ta shanye, tafiya ta gagara, haɗiya ta yi wuya, daga ƙarshe numfashi ma ya gagara. Amma sau da yawa yana gani, yana ji, yana gane duk wanda ya shigo ɗakin. Ta bambanta da shan inna, ta kuma bambanta da shanyewar ɓarin jiki da ke faɗo wa mutum rana ɗaya. Ba a ɗaukarta daga wani. Kusan mutum 1 cikin 10 ne ke gadonta. Yawancin masu ita sukan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba.

Wani likita a birnin Paris na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya bayyana cutar a 1869, ya kuma sa mata suna a 1874. Amma in muka bi tarihinta daga nan, za mu ga abin da ya ja hankalinmu a zumuntar matasa: babban rabo na taimakon da masu cutar ke samu a yau, daga gidajen makoki ya fito.

Mu fara da Lou Gehrig, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Yankees a Amurka, wanda ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba. A 1939 aka gano yana da cutar, ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1941, yana da shekara 37. Matarsa Eleanor ba ta sake aure ba. Ta rayu har 1984, tana neman gudummawa domin binciken cutar da ta raba ta da mijinta. Yau cibiyar ALS ta Jami'ar Columbia tana ɗauke da sunansu su biyu, Amurkawa kuma suna kiran cutar da sunan Lou Gehrig.

A birnin Chicago, wani ɗan kasuwa mai suna Les Turner ya kamu da ita. Shi da danginsa da abokansa suka ga babu inda iyali za su je neman bayani ko taimako, sai suka kafa gidauniya a 1977. Les bai daɗe ba ya rasu, amma gidauniyar tana nan tana kula da majinyata da masu jinyarsu.

A 1998 aka gano cutar a jikin Stephen Heywood, magini mai shekara 29. Wansa Jamie, injiniya ne, ya ajiye aikinsa ya kafa cibiyar bincike a 1999, a ɗakin ƙasa na gidan iyayensu. Burinsa ya ceci ƙanensa. Bai samu ba, domin Stephen ya rasu a 2006. Duk da haka ba a rufe cibiyar ba, ta ci gaba da gwada magunguna saboda ƙannen wasu.

Wasunmu sun ga hotunan da suka cika Facebook a 2014, mutane suna sheƙa wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara. Ya yi kama da wasan yara, amma matasa biyu masu cutar, Pete Frates da Pat Quinn, suna cikin waɗanda suka yaɗa shi. Ƙungiyar ALS ta Amurka kaɗai ta tara dala miliyan 115, wani sashe na kuɗin kuma ya taimaki binciken da ya gano ƙwayar gado mai suna NEK1 a 2016. Pete ya rasu a 2019 yana da shekara 34. Iyalinsa sun ɗanɗana tsadar jinya a gida, don haka gidauniyar da ke ɗauke da sunansa take taimaka wa wasu iyalai da kuɗin jinya.

Kada mu ce cutar Turawa ce. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, Farfesa Benjamin Osuntokun da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1974 a kan 'yan Najeriya masu irin wannan cuta ta jijiyoyin motsi. A Afirka ta Kudu kuma, Joost van der Westhuizen, wanda ya ci kofin duniya na ragbi a 1995 a gaban Nelson Mandela, an gano cutar a jikinsa a 2011. Ya kafa gidauniyar J9 domin masu cutar, ya rasu a 2017 yana da shekara 45.

Mene ne dukan wannan ya haifar? A 1993 aka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da cutar, SOD1. A 1995 aka amince da maganin riluzole, wanda ke ƙara wa mutum 'yan watanni. A 2023 aka amince da wani magani domin masu matsalar SOD1. Tafiyar tana da nisa. Babu ɗaya daga cikin iyalan nan da ya ceci nasa. Eleanor ta binne mijinta, Jamie ya binne ƙanensa. Sun yi shuka ne domin baƙon da ba su sani ba ya girba. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wannan ya tuna mana da Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta mutu, gwauraye mata suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Abin tunawa da ita yana jikin mabukata. Haka iyalan nan suka yi da sunayen nasu.

To, mu fa? Ba mu da dala miliyan. Amma a ƙauyukanmu, daga Kende zuwa Illo da Lolo har ƙetaren iyakar Benin, idan ƙaƙƙarfan mutum ya fara shanyewa ba dalili, abin da ake fara cewa shi ne jifa aka yi masa. A sayar da gona da shanu ana yawon neman karya sammu, a zargi kishiya ko maƙwabci, zumunci ya lalace, majinyacin kuwa yana kwance yana jin kome. Ba kowace shanyewa ce ALS ba, waɗansu ma suna da magani, shi ya sa aikin farko shi ne a kai mutum wurin likita a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a san abin da ke damunsa. Kuɗin mota kaɗai yakan hana iyali zuwa. Wannan baikon matasa zai iya ɗauka.

Sauran aikin na hannu ne. Mai kwanciya yana bukatar a riƙa juya shi kada gyambo ya fito masa. Wanda haɗiya ke ba wuya, a zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci mai laushi, kaɗan kaɗan, kada ya shaƙe. Wanda magana ta ɗauke, a yi yarjejeniya da shi ta ƙifta ido, a riƙa tambayarsa ra'ayinsa, kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Matar da ke jinya ita ma tana bukatar wanda zai karɓe ta ta yi barci, da wanda zai nome mata gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan kuma mun yi rashi bayan doguwar jinya, ko da wace cuta ce, bari mu tambayi kanmu a sujadar tunawa: keken da ya bari, wa zai hau? Abin da muka koya a bakin gadonsa, wane gida ne ke bukatarsa yanzu? Mama Zumunta da dattawan ikkilisiya sun san gidajen. Mu je mu tambaye su a wannan mako.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ƙarfafa masu jinya, ya ba likitoci hikima. Amin.